Daga Dundaye Zuwa Fadama: Tambayar Wa Malaman Jami'a Ke Amsawa?

Hanyar da ta tashi daga cikin garin Sakkwato zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Dundaye ta ratsa fadamar Rima ne, ta wajen Kwalkwalawa. Da rani albasa ce da tattasai da shinkafa hagu da dama, ga ƙarar injinan ban ruwa ba dare ba rana. Malamin da ke koyar da ilimin tsirrai yana wuce waɗannan manoma safe da yamma. Jami'ar kanta tana da gonar gwaji a wannan fadama, tana da wata a Dabagi ta ɓangaren Dange. Ke nan ba nisan tafiya ne ya raba mai bincike da manomi a Sakkwato ba. Duk da haka, da za a tara kundayen digiri da aka rubuta kan albasa tun da aka buɗe tsangayar noma, a kuma tara abin da ya sauya a hannun mai noman albasar saboda su, tulin farko zai yi wa na biyu fintinkau.

An kafa jami'ar a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, Farfesa Shehu Galadanci ne shugabanta na farko, aka mayar mata da sunan Shehu a 1988. Kamar sauran jami'o'in ƙasar nan, aiki uku aka ɗora mata: koyarwa, bincike, da hidimar al'umma. Na ukun ne kullum ake karantawa a bikin yaye ɗalibai, shi ne kuma ba shi da mai tambayarsa in an koma ofis. Kukan ma ya girmi jami'ar. A farkon shekarun 1970, lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Wazirin Sakkwato Junaidu digirin girmamawa, bai tsaya ga godiya ba. Ya gaya wa masu rigunan digiri cewa jami'o'inmu dashe ne da saiwarsa ke cikin wata al'ada, ya kuma yi tsokaci kan yadda ake kau da kai daga malaman da ke cikin al'umma. Wanda ya faɗi haka ya san abin da yake faɗa, domin a zaurensa da ɗakin littattafansa ne masu bincike irin su Murray Last da Jean Boyd suka samu abin da suka gina aikinsu a kai, kuma zaman ɗalibi da malami suka yi da shi.

Yau kalmar haɗin gwiwa da al'umma ta zama dole a duk takardar neman kuɗin bincike, musamman in kuɗin daga waje zai fito. Sai dai mafi yawan abin da ake kira da wannan suna neman izini ne kawai. Tsarin sananne ne. A kai wasiƙa ƙaramar hukuma, a je gaisuwa wurin uban ƙasa, shi ya haɗa baƙi da hakimi, hakimi ya sa mai unguwa ya tara mutane. Ɗalibai su fito da takardun tambayoyi da aka rubuta da Turanci, kowa yana fassarawa da ka yadda ya ga dama. A raba lemo da kuɗin mota, a ɗauki hoto, mota ta tashi. Ladabi ne, kuma ba a shiga garin mutane ba tare da shi ba. Amma duk wannan yana faruwa ne bayan an riga an yanke abu mafi girma, wato me za a bincika. A ganina nan ne gizo ke saƙa. Wanda ya zo da tambaya shi ke da bincike, sauran duk 'yan rakiya ne ko da an rubuta sunan ƙungiyarsu a kan allon bita.

Mu tsaya kan albasar, tunda ita ce dukiyar Wurno da Goronyo da Kware da Gada. Tambayar da ta fi sauƙi ga ɗalibin noma ita ce: taki nawa da tazara nawa ne ke ba da amfani mafi yawa? Yana iya dasawa a Disamba, ya cire a Maris, ya auna, ya rubuta, ya kare kundinsa kafin zangon karatu ya ƙare. Manomi kuwa ba yawan amfani ne ke hana shi barci ba, ya iya fitar da albasa tun kafin a haifi ɗalibin. Abin da ke damunsa shi ne kowa lokaci ɗaya yake cirewa, kasuwa ta cika, buhu ya faɗi ƙasa warwas. Kuɗin yana can gaba, ƙarshen damina zuwa shigowar sanyi, ga wanda albasarsa ta kai. Tsakanin nan da can kuwa akwai zafin bazara da laimar damina, albasa tana kwance a rudu, wato ma'ajiyarta ta gargajiya, tana ruɓewa, ana tsincewa ana zubarwa.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne amsar tambayar ɗalibin tana iya ƙara wa manomin ciwo. Yawan takin yuriya, musamman a ƙarshe-ƙarshe, yana kumbura albasa ta cika buhu, amma yana ba ta kaurin wuya da yawan ruwa, irin wadda ba ta jure ajiya. Haka ci gaba da ban ruwa har dab da cira, da yanke ganye tun wuyan bai bushe ba. Binciken da ya tsaya a ranar awo zai ce wannan hanya ta yi nasara. Wanda ya bi albasar har wata biyar a rudu zai faɗi akasin haka. Amma wata biyar ɗin nan sun faɗa bayan lokacin miƙa kundi, don haka ba kowa ke bin ta ba.

Akwai kuma abin da ba a gani daga gonar gwaji sam. Manoma da yawa da bashi suke noman rani: kuɗin mai, kuɗin taki, kuɗin iri, sau da yawa daga hannun dillalin da zai sayi albasar. Irin wannan manomi ko ka gina masa rumbun ajiya mafi kyau a duniya, ranar cira zai sayar, domin mai bashi na tsaye a bakin gona. Shugabannin ƙungiyar manoman albasa sun san wannan sarai, sun san wane ne ke iya ajiya, wane ne ba ya iyawa. Da da su aka zauna tun kafin a rubuta takardar neman kuɗi, da binciken ya zama na mutum uku: masanin tsirrai, injiniya, da masanin tattalin arziki da zai duba yadda za a ba manomi rance a kan albasar da ke ajiye. Jami'a kuwa tsangaya-tsangaya take, kowa da ginin ofishinsa, matsalar manomi kuma ba ta san tsangaya ba.

Ba na ganin adalci ne a ɗora wa malami laifin duka. Mutum yana bin abin da ke ciyar da shi gaba. Ƙarin girma daga ƙaramin lakcara har zuwa farfesa yana rataye ne a kan yawan maƙalun da aka buga a mujallun ilimi, da Turanci, waɗanda wasu farfesoshi na wata jami'a za su auna. Malamin da ya shekara biyu yana zirga-zirga tsakanin Dundaye da Wurno har asarar ajiya ta ragu a ƙauye guda, abin da zai samu a takardar awon bai kai na wanda ya zauna a ofis ya fitar da maƙala uku daga takardun tambayoyi ba. Shirin rediyo da Hausa, ko 'yar takarda da ajami da za a karanta a zaure, kusan ba su da maki. Ga albashin da ba ya kai wata, ga aji mai ɗaruruwan ɗalibai. Wanda ya yi aikin ƙauye a haka, don Allah ya yi, kuma akwai masu yi, sai dai ba a gina tsari a kan sadaukarwar 'yan tsiraru.

Sai kuɗi. Asusun TETFund, wanda ya samo asali daga harajin ilimi na 1993 aka sake masa fasali a 2011, shi ne babbar rijiyar bincike a jami'o'in gwamnati. Kuɗin gwamnati da kalandar ofis yake tafiya, shuka kuwa da ruwan sama. In kuɗin gwajin gero ya fito a Satumba, an yi asarar shekara. A haɗa da yajin aiki: na ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, a 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wato damina guda cur. Ƙungiyar da ta ware fili ta jira malam bai zo ba, ba za ta sake warewa da sauƙi ba. Kuɗin waje ya fi kauri kuma ya fi zuwa kan lokaci, amma da tambayarsa yake zuwa, an riga an tsara ta a Landan ko Washinton. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, da aka kafa a farkon shekarun 1980, misali ce mai koyarwa ta fuska biyu. Tun kafin sola ta zama kayan kasuwa cibiyar ke aiki a kanta, har aka sa wa Kwalkwalawa wutar hasken rana, kuma ta ƙera murhu mai dafa abinci da rana, da na'urar busar da amfanin gona, da murhun da ke rage cin itace. Ilimin yana nan, babu shakka. Amma leƙa gidajen Sakkwato ka ƙirga masu dafa abinci da rana. Murhun rana da tsakar rana yake aiki, a fili, yana son haƙuri. Tuwon dare kuwa da yamma ake ɗorawa, yana son wuta mai ƙarfi da tuƙi. Matar da za ta yi girkin da an tambaye ta tun farko, da ta faɗi wannan cikin minti biyu. A gefe guda kuma, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, manoman fadama da kansu suke neman injin ban ruwa mai aiki da rana ko da gas, ba wanda ya kira su bita. Inda buƙata ta fito daga mutane, su ke bin fasaha da gudu. Aikin da ke jiran jami'a a nan shi ne ta zauna da ƙungiyoyin masu ban ruwa da makanikan da ke gyara musu inji, a gano wane girman fanel ne ya dace da zurfin rijiyar fadama, da kuma me zai faru da ruwan ƙasa in kowa ya samu injin da ba ya shan mai.

An taɓa yin irin wannan sauraro a ƙasar Hausa, kuma ya yi amfani. A shekarun 1960 da 1970 masu bincike daga cibiyar binciken noma ta Samaru, cikinsu har da David Norman, sun zauna a ƙauyukan Zariya da na kewayen Sakkwato suna bin manoma gona-gona. A lokacin malaman gona suna ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ci baya ne. Da aka auna sai aka ga manomin ne ke da gaskiya: haɗin ya fi ba shi riba a kan wahalarsa, ya fi kuma tsare shi ranar da ruwa ya yi gardama. Haka a Maraɗi, nan tsallaken iyaka, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin kututturen itatuwa su tofo a gona suna yi musu sassabe, maimakon dashen da ke mutuwa kowace shekara. Miliyoyin kadada suka farfaɗo a kudancin Nijar, gawo da kalgo suka dawo, masana suka biyo baya suna aunawa. Yarensu namu ne, ƙasarsu irin ta Illela da Gada ce.

To amma in an ce a zauna da ƙungiya, wace ƙungiya? Wannan tambaya ta fi ta farko sarƙaƙiya. Tun da shirye-shiryen Fadama na Bankin Duniya suka sa sharaɗin sai manoma sun yi rajistar ƙungiya kafin su samu tallafi, ƙauyuka suka cika da ƙungiyoyi masu satifiket da hatimi da asusun banki. Wasu sun yi aiki na gaske. Wasu kuwa shugaba ne da sakatare da jerin sunayen 'yan uwa, ba sa motsi sai an ji ƙamshin shiri. Irin waɗannan su suka fi iya tarbar baƙo, sun san kalmomin da mai ba da tallafi ke son ji, don haka su mai bincike ke fara cin karo da su. Ƙungiyoyin da ke riƙe da rayuwar gari kuwa galibi ba su da takarda: mahauta ƙarƙashin sarkin fawa, masunta da sarkin ruwa, majema da dukawan da ke sarrafa fatar jar akuyar Sakkwato, matan adashi, kwamitin masallaci, arɗo da mutanensa. Ma'aunin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne: shin ƙungiyar tana nan kafin a ji labarin kuɗi, kuma membobinta suna zuba nasu a ciki? Matsalar ita ce ofishin kuɗi na jami'a ba ya iya biyan wanda ba shi da rajista da rasit, sai tsarin da kansa ya tura malami wurin masu hatimi.

Zancen mata ya fi nan tsanani. Taron ƙofar fada taron maza ne, alhali tambayoyin da suka shafi haihuwa da abincin yara da ruwan sha da itacen girki amsarsu na cikin gida. Sakkwato kuwa ba baƙuwa ba ce ga hanyar isa can. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru: mata dattijai da aka yarda da su, waɗanda ake kira jaji, suna zuwa daga ƙauyuka su karɓi karatu cikin waƙa, su koma su koyar, su kuma dawo da matsalolin matan garinsu. Ilimi yana tafiya, tambaya tana dawowa. A zamaninmu an ga kwatankwacin haka a 2013, lokacin da gwamnatin jihar, da taimakon wani shiri da Amurka ta ɗauki nauyi, ta fara raba maganin shafa wa cibiyar jarirai da ƙwayar hana zubar jini bayan haihuwa. An yarda da gaskiyar cewa mafi yawan mata a gida suke haihuwa, sai aka bi ta kwamitocin raya mazaɓu da matan sa-kai aka kai maganin inda ake haihuwar. Makarantun Islamiyya na matan aure da rassan FOMWAN, ƙungiyar mata Musulmi ta ƙasa, suna nan a ko'ina, kuma jami'a tana da ɗalibai mata 'yan waɗannan garuruwa da za su shiga inda farfesa namiji ba zai shiga ba.

A fannin lafiya akwai tsohon tabo. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata sa'ad da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Abin da ya dawo da yarda bai fito daga ɗakin gwaje-gwaje kaɗai ba. Kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafawa a 2009 ya yi aiki babba har aka kai ga sanarwar 2020 cewa an rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Darasin da masu bincike suka ɗauka shi ne a bi ta sarakuna, kuma daidai ne. Sai dai yana da ɗaya gefen. In uban ƙasa ya ce a ba baƙi haɗin kai, talaka ba ya jin yana da bakin cewa a'a, ko da jinin ɗansa za a ɗiba. Dokar ɗa'ar binciken lafiya ta ƙasa ta 2007 ta ce sai da yardar mutum shi kansa, kuma dangwala yatsa a gaban mai unguwa ba lalle ya zama yarda ba. A nan ƙungiyar da ta ƙunshi masu matsalar da kansu ta fi kowa amfani. Asibitin yara masu cutar zaizayar baki da ke Sakkwato tun 1999 ya nuna haka: waɗanda suka warke daga cutar sun kafa ƙungiyarsu, muryarsu tana cikin abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da cutar jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023.

Batun wa ke da abin da aka gano zan taɓa shi a gurguje, ko da yake ya isa sharhi guda. Maƙalu nawa aka buga kan sabara da marke da sauran itatuwan magani, waɗanda mai maganin gargajiya ne ya nuna su, ya faɗi yadda ake haɗawa, amma sunansa bai fito ko a layin godiya ba? Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta yi maganar raba amfani da masu ilimin gargajiya, sai dai tsakanin takardar da kasuwar 'yan magani akwai tafiya. Shi ya sa mai magani ke ba ka rabin sirri, kuma ban ga laifinsa ba.

Su ma mutanen gari ba waliyyai ba ne a wannan ciniki. An saba musu da cewa duk mai takarda da biro tallafi ya kawo, sai kowa ya rage yawan awakinsa ya ƙara yawan 'ya'yansa in ana tambaya. Alƙaluman da aka tara a haka gurɓatattu ne tun daga tushe, kuma ba abin da ke gyara su sai daɗewa tare har a daina kallon juna a matsayin mai bayarwa da mai karɓa. Shi ya sa na fi ganin amfanin sashe guda ya riƙe gari guda shekara goma, ɗalibin bana ya ɗora daga inda na bara ya tsaya, a koma kowace shekara a faɗi abin da aka samu da Hausa a gaban waɗanda aka tambaya, a kuma saka kuɗin wannan komawa cikin kasafin tun farko. Akwai ranar da sakamakon ba zai yi wa ƙungiyar daɗi ba: a ce maganin feshin da suke zubawa ya wuce kima, ko a samu tarin fuka a shanun da ake yankawa. Malamin da ya zama kakakin ƙungiya ba zai iya faɗa ba, wanda kuma bai taɓa zama da su ba in ya faɗa ba mai saurarensa.

Gabashin jihar ya ƙara wa lamarin wani nauyi da littattafan koyar da bincike ba su tanada ba. A Isa da Sabon Birni da sassan Rabah da Goronyo, da Tangaza da Gudu ta arewa maso yamma, akwai garuruwan da malamin jami'a ba ya iya zuwa saboda 'yan bindiga, alhali nan ne aka fi buƙatar sanin halin da ake ciki: gonaki nawa aka bari, yara nawa ke fama da tamowa, ina 'yan gudun hijira suka nufa. Sai aka koma dogaro da 'yan gari, malamin firamare ko ma'aikaciyar asibiti ko sakataren ƙungiyar matasa, su tara bayani su turo ta waya. Aikin ya koma hannunsu, haɗarin ma haka. Mutumin da aka gani yana zagaya gari yana rubuta sunaye yana iya zama ɗan leƙen asiri a idon 'yan bindiga, ko mai kai musu rahoto a idon 'yan sa-kai. Kwamitocin ɗa'a na jami'a sun saba tambayar yadda za a kare wanda aka yi wa tambaya. Ya kamata fom ɗinsu ya samu layin da ke tambayar wa zai tara bayanin, nawa za a biya shi, ina za a ajiye sunayen da ya rubuta, kuma wa zai ɗauki nauyin iyalinsa in wani abu ya same shi a kan aikin.